Yadda Na Koyo Ɗumama Hannu a Akra

A bakin iyakar Najeriya ta Seme aka fara buɗe mini akwatin gogen. Jami'in da ya tare motarmu ya ɗaga shi sama, ya leƙa cikin 'yan ramukansa da ido ɗaya, ya girgiza shi kusa da kunnensa.

"Na sayarwa ne?"

"A'a, oga. Na aiki ne. Ni malama ce."

"To, malama, kaɗa mu ji."

Haka na tsaya cikin rana, gumi yana bin gadon bayana, 'yan canji da 'yan dako sun yi mini zobe, na goga masa wata tsohuwar waƙar coci. Kafin in kai tsakiya sai na ji yana bina a hankali da hanci. Da na gama ya rufe akwatin da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na koma mota ina cewa a raina ashe tafiyar nan mai sauƙi ce.

Sunana Rahila, haifaffiyar Tudun Wada ta Jos. Gogen da nake ɗauke da shi irin na Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, wanda ake kira biyolin, kuma ba nawa ba ne. Na Baba Okoro ne, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai shagon gyaran rediyo a layinmu, wanda ya koya mini tun ina firamare. Nakan zauna kan benci a ƙofar shagonsa bayan an tashi makaranta, shi yana liƙa wayoyi da dalma, ni ina gogawa, in na yi kuskure ya buga sukudireba a tebur ko ɗagowa bai yi ba. Nawa gogen ya tsage tun bara, shi ya sa da tafiya ta taso ya jawo nasa daga ƙarƙashin gado ya ba ni.

Dalilin tafiyar kuwa yara ne. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Daɗin Kowa, inda wani tsohon ɗalibi da ke zaune a ƙasar waje ya aiko da kayan kiɗa kyauta: ƙananan biyolin da yawa, 'yan matsakaita, da manya guda biyu da ake kira celo, waɗanda ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Aka ce ai Rahila ta iya, aka damƙa mini su tare da yara wajen ashirin. Na iya kaɗawa, wannan gaskiya ne, amma ban taɓa ganin yadda ake haɗa mutane da yawa su fitar da abu ɗaya ba. Kowane yaro in ka ji shi shi kaɗai, da dama-dama. In suka haɗu kuwa, malaman azuzuwan kusa rufe tagogi suke yi. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ce cikin lumana in abin bai canza ba a zango mai zuwa za ta ba wata makaranta kayan, ɗakin kuma a zuba kwamfutoci. A makon ne na ga tallan wani kwas na malaman kiɗa a Akra a cikin waya. Na yi rajista, na biya, da dogon hutu ya zo na kama hanya.

A Kwatano direbanmu ya shiga wata tasha, ya ce mu sauka za a canza taya. Muka sauka, aka sauke kaya wai don a rage nauyi, ya ja motar ya sha kwana. Ba mu ƙara ganinsa ba, alhali tun daga Legas ya karɓi kuɗin Akra. Masu babur sanye da riguna ruwan ɗorawa suka yi ca a kanmu da Faransanci, ni kuwa ko sunan ruwa ban sani ba a harshen. Wata 'yar kasuwar atamfa cikin fasinjojin, wadda ta saba da hanyar, ita ta tattara mu kamar 'yan tsaki, ta yi mana cinikin wata motar zuwa Lome. A wurin cusa kaya ne wani ya ɗora jarkar manja a kan akwatin gogen. Ina ihu ina cewa "a'a, a'a," shi yana murmushi yana ce mini "wi, wi."

Sai da muka tsaya shan mai na samu na buɗe. Siririn katakon nan da ke tallafe da tsirkiyoyi, wanda masu goge ke kira jaki, ya rabe biyu. Tsirkiyoyin sun yi laƙwas a jikin gogen. Na tsince gutsattsarin na ƙulle a hankici. Ban yi kuka ba a lokacin. Baba Okoro kawai nake gani, yana share ƙurar akwatin da hannun rigarsa kafin ya miƙo mini.

A Lome na fara ganin teku. Titi yana bin gefensa, bishiyoyin kwakwa a jere, ruwa har iyakar ganin ido. Na so in yi murna amma jikina ya ƙi. Mutumin Jos bai san zafi ba sai ya sauko daga kan dutse, wannan kuwa zafi ne mai danƙo, iskar kamar tururin tukunya. Kaina ya fara sarawa. Ina tsallaka iyaka da ƙafa zuwa Aflao, garin farko a Gana, sai jiri ya ɗebe ni. Da na farfaɗo na gan ni kwance a rumfar wata mai sayar da burodi, kaina bisa cinyarta, tana yi mini fifita da kwali. Akwatin gogen yana ƙarƙashin teburinta, ta ɗora ƙafa ɗaya a kai kada wani ya yi gaba da shi. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta. Ta sa aka fasa kwakwa ta ba ni ruwan, ta riƙa yagar burodi tana sa mini a baki kamar jaririya. Da zan tafi na buɗe jaka, ta ture hannuna, ta ja kumatuna, ta faɗi wata doguwar magana da har yau ban san ma'anarta ba.

Adireshin kwas ɗin ya kai ni wani bene a wata unguwa mai cunkoso a Akra. Na hau, na tarar da shagon gyaran gashi. Matan da ke ciki suka dubi akwatin da ke hannuna, suka dubi juna. Ɗayarsu ta ce, "Ke ma?" Ashe ba ni ce ta farko ba. Mutumin da ya yi tallan kwas ɗin ya taɓa hayar ɗakin da ke gefe, ya tashi tun tuni, lambar wayarsa kuwa tun ina Lome ta daina shiga.

Na sauko na zauna a kan matakala, ban san gabas ba ban san yamma ba. Can sai na ji wani mai tura baro yana yi wa abokinsa tsiya da Hausa. Na miƙe zumbur kamar an kira sunana. Shi ya ce in hau motar hayar da suke kira turoturo in sauka unguwar Nima, in tambayi gidan Hajiya Memuna mai koko, tana saukar da baƙi mata.

Hajiya Memuna doguwa ce kakkaura, muryarta tana tsallaka gida uku. Kakanninta daga Kano suka zo fataucin goro, ita ba ta taɓa taka Najeriya ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, yarinya, ka ci abinci?"

Wannan "ka" ɗin da ta ce mini shi ya karya ni. Haka matan kasuwar Taminus suke magana a Jos, haka Baba Okoro yake yi, mace da namiji duk "ka" ne. Na fashe da kuka a tsakar gidanta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zubo tuwo da miyar ayoyo, ta zauna gefe tana tsince wake har na gama duka biyun, kukan da tuwon.

Ta ba ni katifa a ɗakin 'yarta da ta yi aure. Da sassafe nakan taya ta suyar ƙosai, in tsaya bakin kasko gumi na ɗiga, hankalina yana gida. Sanyi na fi kewa. Ina tuna safiyar Jos, ka fito da suwaita, gajimare ya sauko kan duwatsu, mai shayi yana hura wuta a bakin titi. Ina tuna gwaten mamata mai yakuwa da gauta. Ranar Lahadi na shiga wata coci kusa, aka yi waƙar da na san muryarta amma da wani yare, na buɗe baki in bi na rasa ta inda zan shiga. Mamata ta kira ta ce in tattara in dawo, wai dama kiɗa ba sana'a ba ce. Sai da na yi kwanaki kafin in iya kiran Baba Okoro. Na gaya masa komai, na bar maganar jaki a ƙarshe. Ina jin wata rediyo tana shuu a bayansa.

"Kai lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

"To katako ne ya karye, ba ƙafanka ba. Rahila, ka riga ka je. Ka buɗe ido, ka nemi wanda ya sani. Kada ka dawo mini haka kawai."

Hajiya ce ta samo mini hanya, ba tare da ta sani ba. Ta gan ni na buɗe akwatin ina kallon gogen, sai ta ce, "Af, irin na yaran Asabar." Wai duk Asabar da safe wasu yara kan tsaya sayen koko da ƙosai, kowa da irin wannan akwati rataye a baya. Ranar Asabar na tsare bakin tukunya. Da suka zo na bi su ta lunguna, muka haye wata babbar kwata, muka ɓulla wata unguwa mai bishiyoyi, har cikin wata tsohuwar makarantar firamare. A gindin wani mangwaro an jera bencina, wata 'yar tsohuwa mai gajeren farin gashi tana zaune kan kujerar roba. Madam Efua ke nan.

A ƙuruciyarta ta yi karatun kiɗa a Turai, ta yi shekaru tana kaɗawa a wata babbar ƙungiya. Yanzu sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, ba ta iya daɗewa riƙe da goge, sai ta koma tara yaran unguwanni tana koya musu kyauta. Ta saurari labarina da Turanci ba ta katse ni ba. Ta sa aka ɗauko mata wani gwangwanin biskit cike da tarkace, ta zaɓo jaki, ta nuna mini inda zan kankare da wuƙa, tunda hannunta ba zai iya ba. Da gogen ya tashi ta ce in kaɗa. Na zuba mata abin da na fi iyawa, da sauri, da ado.

"Ke kin iya," ta ce. "Yaranki fa?"

Na kunna mata abin da na ɗauka a waya. Ta saurara, kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har da share hawaye. Sannan ta kamo hannuna.

"Kada ki ji haushi, 'yata. Nawa sun fi haka muni da farko. Da me kuke fara darasi?"

"Mu yi addu'a, mu buɗe littafi, mu fara waƙa."

"Daga shigowa? Wannan ya taho a guje, wancan an yi masa faɗa a gida, waccan ba ta karya ba, sai ki ce su yi waƙa ɗaya? Ai sai kin ɗumama su tukuna. Je ki zauna a baya."

Na zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, tsakanin wasu yara biyu da ba su wuce aji uku ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba wanda ya taɓa goge. Duk suna ajiye a ƙasa. Madam ta sa muka miƙe, muka ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, muka yi ta lilo da hannuwa, muka jujjuya kafaɗu, muka yarfe yatsu kamar wanda ya wanke hannu bai sami tawul ba. Tana zagayawa tana taɓa wuyan kowa. Da ta zo kaina ta danna kafaɗata ta hagu ta ce, "Wannan dutsen daga Jos kika taho da shi?" Yara suka kwashe da dariya. Shekara da shekaru ina kaɗawa da kafaɗa a ɗage, ina kwana da ciwon wuya, na ɗauka haka abin yake ga kowa.

Sai aka ɗauki sandar gogawa ita kaɗai. A riƙe ta a tsaye, yatsu su hau har sama su sauko kamar gizo-gizo, ba tare da ɗaya hannun ya taimaka ba. A kifa murfin kwalba a kan tsininta, a ɗaga, a sauke, a zagaya da ita kamar ana juya miya, kada murfin ya faɗi. Nawa ya faɗi ya gangara ƙarƙashin benci, sai da na rarrafa na ɗauko.

Sannan aka ɗauki goge, nan ma ba waƙa. Wata yarinya mai celo ta ja tsirkiya guda ba ta danna komai ba, muka bi sautin da hanci, baki a rufe, har ya zauna a ƙirjin kowa. Madam ta ɗaga hannu, ta ja numfashi yadda kowa zai ji, muka ja tare da ita, muka sauke sanduna kan tsirkiya. Sauti ɗaya tak, daga gindin sanda har tsini, a hankali, a komo a hankali. "Kada ki saurari kanki," take cewa. "Saurari na kusa da ke. In kina jin kanki fiye da shi, kin yi yawa." Da farko sautin yana tangaɗi kamar ruwa a bokitin da aka ɗauko a ka. Muka yi ta ja. Can sai ya kwanta. Na ji kamar ba daga gogena yake fita ba, daga gindin mangwaron yake tasowa ya lulluɓe mu.

Akwai saura. Akwai fizgar tsirkiya da yatsa bisa sunayen abincinsu: "fu-fu" biyu masu tsawo, "ke-le-we-le" huɗu da sauri, ita ta kira suna, mu mu amsa da goge. Akwai zamiya da yatsa ɗaya daga ƙasa zuwa sama kamar jiniya, don hannun hagu ya saki. A ƙarshe do-re-mi, amma ba a lokaci ɗaya ba: masu celo su fara, in sun kai mi matsakaita su shiga, sannan ƙanana, sautuka suna hawa kan juna. Duk wannan bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Amma da aka buɗe littafi aka shiga waƙar ranar, yaran nan da na biyo suna rigima kan ƙosai sun zama wasu mutane dabam.

Na zama 'yar gida. Asabar ina tare da yara, sauran ranaku da yamma ina gidanta, in yi mata shara da cefane, in shafa mata man zafi a yatsu, ita kuma ta yi ta gaya mini dalilin kowane abu. Me ya sa jiki ke zuwa kafin sanda, sanda kafin goge. Me ya sa ba a tsawaitawa har yara su gundura. Yadda ake gane yaron da ke riƙe numfashi don tsoro. Tana da faɗa kuwa. Ranar da na yi garajen gyara wa wani yaro riƙo na murɗa masa yatsa, a gaban kowa ta ce in koma gefe in zauna. Wata Asabar ta ba ni in ja ragamar ɗumamawar. Na tsaya gaba na yi ta bayani, na yi ta bayani, har yara suka fara hamma. Daga kujerarta ta ce, "Rahila, kin cika magana. Yi su gani." Hajiya kullum cikin mita take, "Wannan tsohuwa ya mai da kai 'yar aiki," amma ba ranar da ba ta ƙulla ƙosai mai zafi ta ce in kai mata ba.

Hutuna yana dab da ƙarewa aka gayyaci yaran su kaɗa a bikin wata babbar makaranta, a zaure mai fanka da labule, gaban iyaye masu motoci. Yawancinsu ba su taɓa hawa dandamali ba. Da safe muka taru a bayan zauren, Madam shiru. Sai ga kiran maƙwabciyarta: jininta ya hau, an kai ta asibiti, ta farfaɗo, kuma saƙonta ɗaya ne, kada a fasa.

Na gaya wa yaran gaskiya. Ama, babbarsu, mai celon da ke ba da sautin farko, ta zauna kan akwatinta ta rufe fuska. Ƙananan suka fara kuka don sun ga tana yi. Janareta yana ruri kusa da mu, mai shirya biki yana ta leƙowa yana nuna agogo.

Na ce kowa ya ajiye kayansa a ƙasa. Ban yi bayani ba. Na fara lilo da hannu, na yarfe yatsu, ɗaya ya bi, wasu suka bi. Muka yi gizo-gizo. Da aka zo kan sunayen abinci sai kaina ya ɗauke ɗif, na nemi kelewele na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gwa-te!"

Suka tsaya suna kallona.

"Anti, mene ne gwate?"

"Abincin garinmu ne. Ku amsa! Gwa-te! Dan-ka-li! Ma-sa da mi-ya!"

Suka amsa da goge suna dariya, suna kwaikwayon bakina. Ama ta ɗago, fuska jiƙe da hawaye, ita ma dariyar ta kama ta. Na je gabanta na ce, "Ba mu sauti." Ta ja. Muka bi da hanci, na ja numfashi, suka ja. Duk da rurin janaretan, sautin ya kwanta.

Sun yi kuskure a dandamali. A waƙa ta biyu ƙananan suka riga kowa, amma suka ji, suka jira, aka haɗu. Daga zauren ni da Ama muka wuce asibiti. Madam tana kishingiɗe, ana ƙara mata ruwa. Ba ta tambayi ko an tafa ba.

"Kun ɗumama?"

"Mun yi gwate," in ji Ama.

Madam ta dube ni ta ɗaga gira, aka ba ta labari. Ta yi 'yar dariya mara ƙarfi, ta laluɓo hannuna da lanƙwasassun yatsunta. "To. Koma gida, 'yata. Naki suna jira."

Hajiya ce ta raka ni tasha, akwatin gogen a kanta. Masu lodi suka ce dole a sa shi a but, ta buɗe musu murya har direba ya fito yana ba da haƙuri. Ta ɗora mini shi a cinya ta taga, ta ce, "Ka gaida Najeriya. Ka ce Memuna yana gaisuwa, ko da ba su san shi ba."

Na iso Jos ana yayyafi. Baba Okoro ya sa tabaraunsa na aiki ya duba sabon jakin ta ko'ina.

"Wa ya kankare wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ya ɗan karkace." Ya rufe akwatin ya turo mini. "Riƙe. Ni ido ya tafi."

Abin da na koyo a zafin Akra sai da na yi masa gyara. A Daɗin Kowa da safe yatsun yara a sandare suke don sanyi, saboda haka mukan fara da murza tafin hannu, mu hura masa iska, mu cusa a hammata. Juya miya ya koma tuƙa tuwo. Makonni suka shuɗe ba mu taɓa sabuwar waƙa ba. Shugabar makaranta takan wuce ta taga, ta ga yara suna tuƙa iska da sanduna, ta wuce abinta. Iyaye suka fara tambaya.

Wanda ya zo da ƙafarsa shi ne Alhaji Bello, Bafulatani mai fataucin shanu, mahaifin Hauwa'u, ɗaya daga cikin masu ƙananan biyolin. Ya yi sallama ana tsakiyar gizo-gizo, shugabar makaranta tana biye da shi.

"Malama, sannu da aiki. An ce har Gana kika je."

"Haka ne, Alhaji. Sannu da zuwa."

"To ni dai yarinyar nan kullum a gida abu ɗaya take ja, iii, iii, har awaki sun daina shigowa tsakar gida. In tuƙin tuwo ne, ai uwarta ta iya. Na ce bari in zo in gani da idona. In babu abin yi, ta koma lesin lissafi."

Na ba shi kujera. Na juya ga yara. Chinedu, ɗan mai shagon kayan gini, shi ne babban mai celo, na ce ya ba mu sauti. Muka bi da hanci. Sannan na ce yau kowa ya rufe ido, ni ma ba zan ɗaga hannu ba, su ji numfashin juna su shiga. Ban taɓa gwada wannan da su ba. Na koma jikin bango.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar keke mai ƙafa uku a titi. Sai na ji sun ja numfashi, su duka, suka sauke sanduna. Sautin ya ɗan yi rawa, ya kwanta. Suka kai tsini suka komo. Chinedu ya ɗauki do-re-mi, matsakaita suka hau, ƙanana suka hau, har suka sauko tare suka tsaya.

Alhaji Bello ya tura hularsa baya. Ya daɗe yana duban layin ƙananan.

"Malama, ni in saniyata ta yi kuka cikin garke, ko ban gan ta ba na san wace ce. Amma na kasa kunne, na kasa kunne, ban ji Hauwa'u ba. Ko ba ta ja ba ne?"

"Na ja, Baffa!" ta ce, idonta har yanzu a rufe.

"Ta ja, Alhaji. Tana ciki."

Shugabar makaranta ta jawo benci ta zauna a bakin ƙofa. Alhaji ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafa ɗaya bisa kujera, ya gyara babbar rigarsa.

"To, ku sake," ya ce. "A hankali. Sai na nemo ta."